Akwai ko Babu? Tarihin Tambayar da Ta Taso Daga Kayen Lanho Ta Shiga Kwamfuta

Gabatarwa



Wanda ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta ba ya daɗewa sai ya ci karo da wani abu da ake kira hash. A Faransanci mushe zai ce maka table de hachage, a harshen Python kuma sunansa dict. Ma'ajiya ce da ake zuba abubuwa biyu-biyu a cikinta: mabuɗi, da abin da ke rataye da mabuɗin. Ka ba ta sunan mutum ta ba ka lambar salularsa, ka ba ta lambar ɗalibi ta ba ka makinsa. To amma kafin ka ce a miƙo maka abin, akwai tambayar da ya kamata ka fara yi: shin mabuɗin nan yana ciki ma kuwa? Layi ɗaya ne tak a cikin manhaja, har masu gaggawa kan tsallake shi.

Tambayar nan ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ita ce maƙidaya suka yi ta yi wa kakanninmu a zamanin Nasara, ita ce kuma ake yi mana yau a bakin biro ranar jarrabawa ko ranar zaɓe. Abin da muke so mu bi diddiginsa shi ne yadda aka koyi amsa ta da sauri, da yadda aka sha wuya kafin a raba amsoshi biyu masu kama da juna: "babu sunansa", da kuma "akwai sunansa, amma ba shi da komai". A ƙasa irin tamu ta Damargu, idan aka cakuɗa waɗannan biyun, talaka ne ke kwana da yunwa.

Kundi kafin na'ura

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.), wanda ya yi halifanci daga 634 zuwa 644, shi tarihi ya sani da kafa diwani a daular Musulunci, wato kundin sunayen waɗanda baitulmali zai riƙa ba rabo. An kasa sunayen ƙabila-ƙabila, aka fara da dangin Annabi (S.A.W.). Saboda haka mai neman wani suna ba sai ya karance kundin kaf ba. Ya tambayi ƙabilar mutum, ya buɗe wurin ƙabilar, ya bi sunayen da ke nan kaɗai. Ku riƙe wannan dabara da kyau, don za mu sake haɗuwa da ita a Amurka bayan shekara fiye da 1,300. Kalmar diwani ma ba ta ɓace ba. Ta bi hannun ƴan kasuwa ta shiga harsunan Turai, Faransawa suka mayar da ita douane, mu kuma muka karɓe ta muna cewa duwan.

A nan Damargu kuwa, kafin zuwan Nasara, ƙasa ce ta hatsi a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya ratsa Abzin ya sauka Damagaram da Kano. Abzinawa na zuwa sayen gero, fataken Gadamas na rubuta bashinsu da Larabci. Amma kundin jama'a yana cikin kan mutane ne. Mai gari ya san kowane gida, ya san wanda ya haifi wane, ya san baƙon da ya sauka bara. Idan aka ce masa "wane naku ne?", ba ya buɗe komai, amsa na bakinsa. Irin wannan kundi yana da sauri ƙwarai, sai dai iyakarsa gari guda, kuma ranar da tsoho ya kwanta dama, wani yanki na kundin ya tafi da shi.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Daga baya suka kafa bariki a Jajiduna, kafin hukuma ta koma Tanut. Babban abin da suke nema wurin talakawa shi ne lanho, kuma lanho kan mutum ake ɗora wa, don haka dole a san kawuna nawa ne. Sai kwamanda ko wakilinsa ya fito rangadin ƙidaya da tafinta da gardi, a tara gari, a riƙa kiran masu gida ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta sunan mutum da matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa cikin kaye. Su ma sun kasa jama'a gida-gida kamar diwani. Manoma mazauna gari an saka su ƙarƙashin kanto da mai gari, makiyaya kuma, Abzinawa da Fulani da Larabawa, an saka su ƙarƙashin rukuni da shugabannin zuriya. In ana neman ka, sai a fara tambaya: wa kake bi?

A wancan zamani shiga kaye ba abin murna ba ne. Wanda sunansa ke ciki shi ke biyan lanho, shi ake ɗiba aikin dole, daga gidansa ake ɗaukar soja, daga baya kuma a ɗauki yaro a kai lakwal ko uban bai so ba. Shi ya sa mutane suka ƙware wajen zama "babu". A ɓoye yaro ranar ƙidaya, a kora garke daji, wasu ma su kwashe iyali su ƙetara ƙasar Ingilishi. Aikin dole bai ƙare a doka ba sai a watan Afrilu na 1946, da dokar nan mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Kayen yana da wata cutar kuma ta ɗaya gefen. Tun da ba kowace shekara ake sake ƙidaya ba, sunan wanda ya rasu ko ya yi ƙaura kan zauna ciki, gari ya ci gaba da biya masa. Ka ga ke nan tun a lokacin kaye na iya cewa "akwai" alhali babu, ya ce "babu" alhali ga mutum tsaye.

Da sunaye suka yi yawa

Kayen gari ɗaya ana iya karance shi kafin shayi ya nuna. Matsala na farawa ne idan sunaye suka kai miliyoyi. Amurka ta yi ƙidaya a 1880, aka kwashe shekaru da dama ana haɗa lissafinta da hannu, har aka fara tsoron wata ƙidayar za ta zo ba a gama da ta baya ba. Wani injiniya mai suna Herman Hollerith ya ƙera na'ura mai karanta kati da aka huhhuda, kowane mutum da katinsa, aka yi aiki da ita a ƙidayar 1890, lokacin da mutanen ƙasar suka haura miliyan 62. Kamfaninsa ya haɗe da wasu a 1911, a 1924 kuma haɗakar ta ɗauki sunan IBM. Wato kamfanin da zai zo ya haifi dabarar hash, shi kansa daga aikin ƙidayar jama'a ya samo tushe.

Mu kawo lissafin gida don a ga girman matsalar. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 17 a Nijar. A ce duk sunayensu na cikin jeri ɗaya da ba a tsara ba, aka ce ka duba ko wane na ciki. In yana ciki, a tsakaice sai ka karanta suna wajen miliyan 8 da rabi kafin ka same shi. In ba ya ciki, abin ya fi muni, don ba ka da ikon cewa "babu" sai ka karanta miliyan 17 ɗin duka. Wannan wata gaskiya ce da ya kamata a lura da ita: tabbatar da "babu" ya fi tabbatar da "akwai" tsada.

Hanya ta biyu ita ce a jera sunayen bisa haruffa kamar ƙamus. Ka buɗe tsakiya, ka ga ko sunan da kake nema na gaba ko na baya, ka yar da rabi, ka sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Da haka taki 25 ya ishe ka a cikin miliyan 17. An samu sauƙi sosai. Sai dai duk ranar da aka haifi yaro, dole a buɗa masa wuri a tsakiyar jeri, a matsar da na bayansa. Injiniyoyin farkon shekarun 1950, da kwamfutocinsu masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, sun so abin da ya fi haka: a ce sunan da kansa ya faɗi inda yake kwance.

Lissafin da malaman zaure suka riga suka sani

Hans Peter Luhn Bajamushe ne, an haife shi a 1896. Ya yi aiki a masana'antar saƙa, har ya ƙera wani ɗan ma'auni na ƙirga zare a jikin yadi, kafin ya shiga IBM a 1941. A watan Janairu na 1953 ya rubuta wata takarda ta cikin gida inda ya kawo shawara kamar haka: a ware gurabe masu lamba, a yi wani ɗan lissafi a kan mabuɗin da kansa, lissafin ya fitar da lambar gurbin da za a ajiye shi. Ranar nema a sake yin lissafin, a tafi gurbin kai tsaye. Luhn ɗin nan kuna ɗauke da aikinsa a aljihu ba ku sani ba, don lambar ƙarshe ta IMEI ɗin salularku da wani lissafinsa ake fitar da ita.

Wanda ya taɓa zama kusa da malamin hisabi ba zai ga baƙon abu a nan ba. A hisabi kowane harafin Larabci yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa sama. Masu wannan ilimi kan tara adadin haruffan suna, su raba da 12, su riƙe abin da ya rage. Mu nan lissafin kaɗai muke kallo, abin da ake yi da shi bayan nan wata magana ce daban. Mu ɗauka muna da gurabe 12, daga 0 zuwa 11.

Ali: ain 70, lam 30, ya 10. Jimla 110. A raba da 12, saura 2. Ali ya shiga gurbi na 2.
Umar: ain 70, mim 40, ra 200. Jimla 310, saura 10. Gurbi na 10.
Adam: alif 1, dal 4, mim 40. Jimla 45, saura 9. Gurbi na 9.
Zainab: zai 7, ya 10, nun 50, ba 2. Jimla 69, saura 9. Ita ma gurbi na 9.

Ga shi Adam da Zainab sun yi karo a gurbi guda. Wannan ba ɓaci ba ne, dole ne ya faru tun da sunayen duniya sun fi gurabe yawa. Maganin Luhn shi ne a bar su su zauna tare, a ɗaura na biyu a bayan na farko kamar raƙuman ayari.

Yanzu a tambaye mu: Bilal na ciki? Ba 2, lam 30, alif 1, lam 30, jimla 63, saura 3. Mu leƙa gurbi na 3, wayam. Amsa: babu, kuma ba mu taɓa sauran gurabe 11 ba. A sake tambaya: Halima fa? Ha 8, lam 30, ya 10, mim 40, harafin ƙarshe a ƙirga shi 5, jimla 93, saura 9. Gurbi na 9 da mutane a ciki. Nan ne mai gaggawa zai ce "akwai", ya yi kuskure. Sai an gwada sunan da na Adam, an gwada da na Zainab, an ga bai dace da ko ɗaya ba, sannan a ce babu. Dabarar diwani ce ta dawo, bambancin kawai a nan ba ka tambayar mutum ƙabilarsa, haruffan sunansa ne ke nuna maka shafin.

Wajen lokaci guda wasu ma'aikatan IBM, Gene Amdahl da Elaine McGraw da Nathaniel Rochester da Arthur Samuel, suna aiki a kan kwamfutar IBM 701, suka bi wata hanyar. In ka tarar gurbinka da mutum, ka matsa na gaba, kamar mai neman wurin shimfiɗa kaya ranar kasuwa. Mai nema shi ma haka zai bi, gurbi bayan gurbi, har ya ga sunan ko ya tarar da gurbi wayam. Wannan gurbi wayam shi ne shaidar "babu". Saboda haka idan za a cire wani suna daga tsakiya, akan bar alama a wurin mai nuna cewa da akwai wani a nan, don kada mai nema ya tsaya nan ya koma ya ce babu alhali mutuminsa na gaba kaɗan.

Arnold Dumey ne ya fara fitar da dabarar a mujallar da kowa zai iya karantawa, a 1956, ya kuma ba da shawarar a riƙa rabawa da lambar da ba ta rabuwa sai da kanta da 1. W. Wesley Peterson ya yi dogon nazari a kanta a 1957. A Tarayyar Sobiyet, Andrei Ershov ya gano hanyar matsawa gurbi na gaba da kansa, wajen wannan lokaci. Kalmar hash kuwa, asalinta daddatsa nama ne a cakuɗa, ƴar'uwar hacher ta Faransanci, tun da lissafin na daddatsa mabuɗi ne ya fitar da lamba. Ta daɗe tana yawo a bakin masu sana'ar kafin ta zauna a takarda a ƙarshen shekarun 1960. A 1973 Donald Knuth ya tattara tarihin da lissafin duka a juzu'i na 3 na babban littafinsa kan fasahar shirya manhaja. Sakamakon dai shi ne, in gurabe sun wadata kuma lissafin na watsa sunaye daidai, leƙe ɗaya ko biyu ya isa, ko sunayen 100 ne ko miliyan 17.

Sifiri ba babu ba ne

An gama da matsalar sauri, sai wata ta ɓullo, ita kuma ta ma'ana ce. Da hash ya shiga cikin harsunan manhaja, kowa ya samu damar amfani da shi ba tare da ya san lissafin ciki ba, sai aka fara tambaya: in na nemi mabuɗin da babu, me ya kamata na'ura ta ce mini?

Harshen AWK, wanda Aho da Weinberger da Kernighan suka ƙirƙira a Bell Labs a 1977, yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki. In ka nemi abin da ke rataye da mabuɗin da babu, sai ya ƙirƙiri mabuɗin nan take ya bar shi fanko. Kamar ka je wurin magatakarda ka ce "Halima na ciki?", shi kuma ya ɗauki biro ya rubuta Halima, sannan ya ce maka "ga ta nan, ba ta da komai". Don kauce wa haka harshen na da kalmar in, wadda ke dubawa ba ta taɓa komai ba.

Larry Wall ya fitar da harshen Perl a watan Disamba na 1987. A Perl, mabuɗin da babu yana ba da wata amsa ta musamman mai nufin "ba a fayyace ba". Matsalar ita ce mabuɗin da ke ciki shi ma ana iya rataya masa wannan amsar. Sai a Perl 5, a 1994, aka kawo kalmar exists, wadda aikinta kawai ta ce mabuɗi na ciki ko ba ya ciki. Daga nan mai rubuta Perl ya samu tambaya uku mabambanta: mabuɗin na ciki? An rubuta masa wani abu? Abin da aka rubuta ɗin, wani abu ne ko sifiri?

Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991 daga Amstadam, ya zaɓi tsanani. Ka nemi mabuɗin da babu kai tsaye, manhaja ta tsaya cak ta yi maka ƙorafin KeyError. Da farko ana dubawa da has_key. A 2001 aka ba da damar amfani da in, a 2008 kuma Python 3 ya kori has_key gaba ɗaya. Sai dai akwai get, wadda ke amsawa a hankali da None in ba ta samu ba, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa.

Bari mu ɗauki misali daga abin da muka sani. Damargu ta ga fari na 1973 da 1974, ta ga na 1984, ta ga matsin abinci na 2005. Mu ɗauka bayan irin wannan shekara an zaga rugage an rubuta sunan kowane makiyayi da yawan shanun da suka rage masa, don a taimaka wa waɗanda suka fi asara. Adam na da 12. Zainab an ƙirga, ko ɗaya ba ta rage ba, aka rubuta 0. Umar an rubuta sunansa amma ya yi kudu da garke, ba a samu ƙirgawa ba, aka bar wurin fanko. Halima kuwa maƙidaya ba su kai rugarsu ba sam. Hali huɗu ke nan. Sai wani ɗalibi mai kyakkyawar niyya ya rubuta:

if shanu.get(suna):

yana nufin "in mutumin na cikin jeri". A wurin Python, 0 da None duk "a'a" ne. Adam kaɗai zai wuce. Zainab da Umar da Halima duk an zuba su kwando ɗaya, an ce babu su. Mai shanu 12 ya shiga lissafi, wadda garkenta ya ƙare ƙurmus ta faɗi waje, kuma na'urar ba za ta yi ko tari ba. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne:

if suna in shanu:

sannan a layi na gaba ya duba ko an ƙirga, sannan ya duba ko nawa ne. Kowane hali da maganinsa. Zainab taimako take bukata yau. Umar a jira shi ko a bi shi a ƙirga. Halima kuma a tura mutum rugarsu.

Kalmar sifiri da muke faɗa daga sifr ta Larabci take, ma'anarta fanko, kuma daga gare ta Faransanci ya samu chiffre da zéro. Masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifiri a 628, Alkhawarizmi kuma ya yaɗa lambobin Indiya daga Bagadaza a ƙarni na 9. Amfanin sifiri shi ne shaida ce a rubuce: wani ya zo, ya duba, ya tarar ba komai. Gurbin da ba a rubuta komai ba kuwa yana nufin ba wanda ya zo. Masanin kwamfuta Tony Hoare, wanda ya saka alamar "ba komai" a wani harshen manhaja a 1965, ya fito a 2009 ya ce kuskure ne da ya jawo asarar da ta kai dala biliyan, saboda yawan manhajojin da suka rushe a kan rashin duba ta.

In mabuɗin ya karkace

Saura matsala ɗaya, wadda ta fi shafar mu. Hash ba ya sanin "kusan". Harafi ɗaya ya canza, lissafi ya canza, an tafi wani gurbin daban. Mai gari in ka ce masa Mamman ko Mahamadu ya san mutum ɗaya kake nufi. A takardunmu kuwa suna guda na fitowa Mahamadou, Mahaman, Mamane, Mohamed, gwargwadon kunnen wanda ya riƙe biro ranar. Garinmu ma wani ya rubuta Belbédji, wani Belbeji. Ga na'ura, waɗannan mabuɗai ne daban-daban. Ɗalibin da aka rubuta sunansa iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a kayen lakwal, yana iya zuwa ranar rajistar BEPC a ce masa babu shi, alhali shekara huɗu yana zaune a aji.

Akwai kuma akasin haka. Iyayenmu da yawa takardunsu na cewa an haife su "wajen" shekara kaza, wasu kuma an ba su 1 ga Janairu don a cike gurbi. In ka haɗa suna da sunan uba da ranar haihuwa ka ce shi ne mabuɗi, za ka samu mutum biyu ko uku masu mabuɗi iri ɗaya sak. A hash mabuɗi ɗaya wuri ɗaya gare shi, don haka na biyu in ya shigo sai ya hau kan na farko ya shafe shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumomi ke komawa ga lamba ta musamman ga kowane mutum da kuma zanen yatsa. Hukumar zaɓe ta CENI ta yi rajista da zanen yatsa da hoto kafin zaɓen 27 ga Disamba 2020, inda aka samu masu zaɓe wajen miliyan 7.4.

Amma zanen yatsa ba ya taimakon wanda bai taɓa shiga kundi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa ya nuna cewa a 2006 kashi 32 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne aka yi wa rajistar haihuwa, a 2012 kuma adadin ya kai kashi 64. An ci gaba, amma har a lokacin yaro ɗaya cikin uku ba ya ciki. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Tanut, biro ya matso kusa, sai dai wanda aka haifa a ruga a arewacin Tarka lokacin da iyayensa ke bin ciyawa, har yanzu tafiya ce mai nisa tsakaninsa da magatakarda. Kakansa ya ɓuya daga kaye don ya tsira daga lanho da aikin dole, kuma a zamaninsa dabara ce mai kyau. Jikan kuwa yau sai da takarda zai zauna jarrabawa, sai da ita zai samu katin ɗan ƙasa ya yi zaɓe.

Kammalawa

Ƴan'uwa, wasu cikinmu za su rubuta manhaja, ko da ƙarama ce ta bankin hatsi ko ta ƙungiyar mata ko ta makin ɗalibai. Wasu kuma za su zauna bayan tebur suna duba sunaye a kwamfuta. Duk inda ka samu kanka, ka raba tambayoyin nan: yana ciki? an ƙirga shi? nawa aka samu? Kada ka bar sifiri ya tsaya a madadin babu. Ka daidaita rubutun suna kafin ka mayar da shi mabuɗi, in da hali ma ka ba kowa lambarsa. In na'ura ta ce babu, ka tuna abin da ta faɗa kawai shi ne ba ta ga waɗannan haruffa a wannan gurbi ba. Ka sake gwadawa da wani rubutun sunan, ka tambayi mutumin garinsu da sunan mai garinsu. Matambayi ba ya ɓata.

Mu kuma kafin hutu ya ƙare, kowa ya ɗauko takardar haihuwarsa ya gwada ta da katin lakwal harafi bayan harafi. Ya tambaya a gida ko ƙannensa na da tasu. Wanda ba shi da ita, a raka mahaifinsa biron magajin gari a ji yadda ake yi tun jarrabawa ba ta matso ba.